Jirgin da Sharfaddeen Ya Kama Ranar Asabar

Na san wasunku za su yi min dariya kafin su kai ƙarshen wannan rubutu, kuma na yafe tun yanzu. Ni kaina da a kan wata abin ya faru, da sai na riƙe ciki. To amma a kaina ya faru, a gidanmu da ke Gaya, a gaban mutanen da zan ci gaba da durƙusa wa ina gaisarwa kowace safiya.

Ga waɗanda yau suka fara bibiyata, sunana Halima Sadiya, shekarata ashirin da takwas, ina koyar da 'yan aji huɗu a wata firamare a cikin gari. Wanda nake jira sunansa Sharfaddeen, ɗan Ajingi ne, ni kuwa Injiniya nake ce masa don tsokana. Shekara uku ke nan da iyayensa suka kawo gaisuwa gidanmu. Wata biyu bayan nan ya samu tallafin karatu ya tafi ƙasar Holan, wai zai karanto yadda ake sarrafa ruwan noman rani. Da zai tafi, shekara biyu ya ce. Biyun ta cika, ya ce akwai ɗan aikin gwaji da zai ƙarasa. Tun daga nan maganar sa rana ta kwanta.

Ƙawayena na sakandare duk sun yi aure. Muna da zaure a WhatsApp, amma hirar yanzu ta koma ta haƙorin yara da farashin madara, sai in yi sati ban sa baki ba, kuma ba wadda ta taɓa lura. Ga shi ana hutun makaranta. Daga shara sai girki, daga girki sai ɗakina da wayata. Ba na ɓoye muku, kaɗaici ya ci ni sosai a daminar nan.

Baba ba mai yawan magana ba ne. Manomi ne, gero da gyaɗa, kuma bai taɓa ɗaga min murya ba. Bayan an gama noman farko ya kira ni, yana zaune a gindin darbejiya yana gyara ƙotar fartanya.

"Sadiya, ni ban ƙi yaron nan ba," ya ce, bai ɗago ba. "Amma ba zan sa rana da mutumin da shi kansa bai san ranar dawowarsa ba. Ki faɗa masa ina son tsayayyar magana kafin a yanke gero. In babu, a mayar musu da kayansu, kowa ya kama gabansa."

Na faɗa masa a ranar. Ya ce in sha Allahu, ya ce in kwantar da hankalina, ya turo hoton zuciya ja guda uku. Sati biyar suka wuce a haka, gero ya fara fitar da kai.

Ranar Laraba da hantsi ina tsince shinkafa saƙonsa ya shigo. Ga shi nan yadda yake, ban canja ko harafi ba:

"Na kama mana jirgi ranar Asabar, ƙarfe huɗu agogonku. Ki yi kwalliya, ki cika waya da caji. Ba-zata ce, kar ki tambaye ni komai."

Tiren shinkafar ya kusa kifewa. Na karanta sau uku. Na rubuta masa, "Da gaske?" Ya ce, "Wallahi da gaske. Ranar Asabar za ki ga abin da na daɗe ina son ki gani."

Ku faɗa min tsakaninku da Allah, mace da take jiran mutum daga wata uwa duniya ta ji an ce jirgi, wane jirgi za ta kawo a ranta?

Ƙanwata Naja'atu tana bayana tana leƙen wayar, ban sani ba. Sai ihu na ji a kunnena.

"Inna! Inna! Yaya Sharfu zai dawo ranar Asabar!"

"Ke, ba-zata ya ce!" na biyo ta da gudu.

"Ai mu ba mu zata ba ɗin," ta ce, ta shige madafi.

Inna ta fito da muciya a hannu, ta ce in karanta mata. Na karanta, murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗaga hannu sama ta ce alhamdu lillahi har sau uku, sannan ta goge ido da bakin zani. Mu uku muka tsaya a tsakar gida muka yi lissafi: jirgi ya sauka Kano ƙarfe huɗu, ya ɗauki kaya, ya bi ta Wudil, kafin magariba yana Gaya. Hanyar Ajingi kuwa ta nan take bi, dole ya tsaya ya gai da Baba.

Da Baba ya dawo daga gona aka faɗa masa, sai ya ce, "Madalla. Ya kyauta." A wajen Baba wannan doguwar magana ce. Washegari ya aika ƙauyen Balan a sanar da yayarsa Gwaggo Hansai, ya aika ƙauyen Kademi a sanar da ƙaninsa Baffa Tukur, don a ji maganar daga bakin yaron a gaban manya.

Za ku ce me ya hana ni kiran mahaifiyarsa a Ajingi in tabbatar. Haba dai. Ni in ɗauki waya in kira surukar da ba ta gama zama surukata ba, in ce ɗanki zai dawo? Da wane bakin? Ko gaisuwar salla ta bakin Inna take isa gare ta. Kuma na ce a raina ita ma ba-zatar yake son yi mata. Shi ɗin ma ban sake tambayarsa ba, don ya ce kar in tambaya, kuma gaskiya daɗin abin nake ji, ba na son in taɓa shi ya fashe.

Ranar Juma'a Naja'atu ta yi min ƙunshi, ja a tafin ƙafa, baƙi a bayan hannu. Na ciro leshina ruwan zuma wanda tun salla ƙarama yake ninke a ƙasan akwati, na kai aka goge. Inna ta jiƙa shinkafar waina. Asabar da safe aka yanka zabi biyu, aka ɗora miyar taushe da kabewa da gyaɗar gonarmu, aka dama kunun aya aka sa a kula da ƙanƙara. An share zaure, an yayyafa ruwa, an shimfiɗa sabuwar darduma. Gwaggo Hansai ta sauka daga adaidaita tun ƙarfe goma da ƙullin daddawa da bakinta da ba ya hutawa.

"To, 'yar boko, yau dai za mu ga Baturen naki," ta ce tana ƙare min kallo. "Da na ce wa ubanki ga Anas mai kemis nan, yaro kamili, kullum yana gari. Amma tunda na sama ya sauko, shi ke nan."

Na yi dariya. Ranar ko zagina aka yi dariya zan yi.

Na idar da la'asar, na sa leshin, na ɗaura ɗankwali sau huɗu kafin ya zauna, na shafa humra, na tsuguna a kan kaskon turare. Sannan na zauna a bakin gado kusa da taga, don nan ne kaɗai sabis yake kamawa a ɗakina. Waya cike da caji, tun safe na karɓo ta daga shagon mai sola.

Ƙarfe huɗu daidai wayar ta yi ƙara. Kiran bidiyo ne. Na ce a raina, ya sauka, zai nuna min filin jirgin Kano.

Da na ɗauka, sararin sama na fara gani, fari tas. Sai fuskarsa ta shigo, bakinsa har kunne. Yana sanye da shaddar nan sararin samaniya da na sa aka ɗinka masa kafin ya tafi, da hular da na aika masa bara.

"Salamu alaikum, gimbiyar Gaya. Tabarkalla, wannan kwalliya haka! Barka da shigowa jirgi."

"Wa alaikumus salam, Injiniya. Kun sauka lafiya?"

"Sauka? Ai yanzu muka tashi. Duba ki gani."

Ya juya wayar. Ruwa na gani. Wani ruwa kore-kore, shimfiɗe kamar titi a tsakiyar gari, dogayen gidaje na jan bulo jere a hagu da dama, kekuna jingine a bakin ƙarfe. Shi kuma yana zaune a cikin wani ɗan jirgin ruwa fari, mai kujeru zagaye da teburi a tsakiya.

Na ce, "Wane jirgi ne wannan?"

"Namu mana! Na awa ɗaya na yi haya. Da lantarki yake tafiya, batir ne a ƙarƙashin kujerar nan. Ba a buƙatar lasisi, nuna maka kawai za su yi, ka tura wannan sandar gaba ya tafi, ka ja baya ya tsaya. Saurara ki ji." Ya yi shiru, ya ɗaga yatsa. "Kin ji? Ba ƙara, ba hayaƙi. Ba irin na Wudil ba da sai kin yi ihu kafin na kusa da ke ya ji."

Na ja saƙonsa na Laraba na sake dubawa yana cikin magana. Na kama mana jirgi. Mana. Kalmar tana nan tun ranar, sau nawa na karanta saƙon, har a fili na karanta wa Inna, amma idona bai taɓa tsayawa a kanta ba. Wa yake kama wa mutum biyu jirgin sama alhali ɗayan tana Gaya tana tsince shinkafa?

Ya kamata in faɗa masa nan take. Ban iya ba. Ya jingina wayar a kujerar da ke fuskantarsa, ya tokare ta da rigar nan mai hana nutsewa, ya ce nan ne wajen zamana. A kan teburin akwai fulas ɗin shayi da kofi biyu da dabino a ɗan faranti. Ya zuba a duka kofunan, ya tura ɗaya gabana.

"Sha a hankali, da zafi," ya ce.

Sai a lokacin na dube shi sosai. Ya rame. Shaddar da ta yi masa cif da zai tafi yanzu kafaɗarta ta sauko. Jirgin mai cin mutum takwas ne, shi kaɗai ne a ciki. Wani jirgin ya wuce ta gefensa cike da samari da 'yan mata suna ta shewa, suka ɗaga masa hannu, ya ɗaga musu, ya dawo da idonsa kaina da sauri.

"Kullum ta kan gadar can nake wucewa a keke in zan je aiki," ya ce. "In ga mutane bibbiyu a cikin jiragen nan, in ce wata rana ni da Sadiya. Kin san sai in yi kwana uku ban yi magana da kowa ba in ban da mai kanti? Ran nan na ji kaina ina yi wa tukunya Hausa." Ya yi dariya, ni ma na yi, hawaye na taruwa a idona. "Sunkuya, ga gada!"

Wallahi sai da na sunkuyar da kai a bakin gadona. Duhu ya rufe wayar, na ji ruwa yana ɗan bugun gefen jirgin, sannan haske ya dawo. Ya nuna min agwagi, da wata tsohuwa da ke ba furanni ruwa a tagarta, da gidan da ya ce ya girmi kakan kakansa. Jirgin yana tafiya a hankali, bai fi saurin mai tafiya da ƙafa ba. Kusan minti goma sha biyar na bari ya yi ta yawo da ni. Na san gida cike yake da masu jiransa, amma rabon da wani ya shirya wani abu domin ni kaɗai har na manta, sai na ƙyale kaina na ji daɗin.

Labule ya ɗaga ba sallama. Gwaggo Hansai ce.

"Shi ne? Ya sauka? Ki ce masa kar ya kuskura ya tsaya cin kifi a Wudil, waina na jiransa. Baffanki Tukur tun azahar yake zaure, har ya fara gyangyaɗi. In motar haya ce ya ce a sauke shi a bakin kasuwa, ubanki zai tura mashin."

Ta saki labulen ta tafi. Da jirgin mai inji ne, wataƙila da rabin maganar ta ɓace a ƙara. Wannan kuwa shiru yake kamar ɗaki, ko tarin Gwaggo sai da ya ji.

Murmushin ya bar fuskarsa a hankali. Ya saki sandar tuƙin. Na ga bangon bakin ruwa yana matsowa ta bayansa, jirgin ya je ya ɗan daki gefe, shayin kofina ya zube a kan teburi.

"Sadiya. Wa ake jira?"

"Kai."

"Inna lillahi. Jirgin sama kuka..."

"Ka ce ka kama jirgi. Ka ce in yi kwalliya."

Ya cire hular ya riƙe kansa da hannu biyu. Ya tambayi su wa da wa suka zo, na lissafa masa. Ya tambaya ko Baba ma ya sani, na ce Baba ne ya aika a kira su. Ya yi ta maimaita wallahi bai yi nufin haka ba, wai ya ga maganar Baba ta dame ni ne, ya ce bari ya faranta min. Na yarda da shi, har yanzu ma na yarda. Ba mugu ba ne.

Sai ya matso da fuskarsa kusa da wayar, ya rage murya kamar Gwaggo tana gefensa.

"Ji nan. Ki ce musu an ɗaga tashin jirgin. Ana yi ai, kullum ana ɗagawa. Ba wanda zai ga laifin kowa."

Na dubi ƙunshin hannuna.

"To," na ce. "Zan faɗa musu. Zuwa yaushe aka ɗaga?"

"Me?"

"Baba zai tambaye ni. An ɗaga jirgi, zuwa wace rana? Ka ba ni ranar in kai masa. Ko wata ne, ka faɗa. Ko bayan salla babba ne, ka ce bayan salla babba, ni zan tsaya a kai."

Ya kalli ruwa, ya kalli gidajen, ya ɗauki tsumma ya fara goge shayin da ya zube. Ina jin ƙararrawar keke daga can, daga nan kuma ina jin Inna tana kiran Naja'atu ta zo ta rufe wainar kar ta huce. Na jira. Na ƙirga a raina har na gaji da ƙirgawa. Wani abu ya yi ɗan ƙara a gaban jirgin, ya leƙa.

"Saura minti ashirin in mayar musu da shi," ya ce, murya can ƙasa.

"To ka mayar musu," na ce, na kashe.

Naja'atu tana tsaye a bakin ƙofa, ashe ta ji komai. Idonta ya yi ja.

"Yaya, ki faɗi yadda ya ce ɗin. An ɗaga. Wallahi in Gwaggo ta ji gaskiya, kafin jibi duk Balan sun sani."

Na san gaskiyarta. Na san za a daɗe ana ba da labarin malamar makarantar da ta yanka zabi saboda kwalekwale. Na zura hijabi a kan leshin, na ratsa tsakar gida, Inna na tambayata da ido ban tsaya ba. A bakin zaure na yi sallama na durƙusa. Baba yana zaune a kan sabuwar dardumar cikin farar rigarsa ta Juma'a, Baffa Tukur a gefensa yana jan carbi.

"Sun taso?" Baba ya ce.

"Baba, ba zai zo ba. Kuskurena ne. Jirgin ruwa ya yi haya a can garin da yake, don ya nuna min gari ta waya. Ni na ɗauka na sama ne."

Baffa Tukur ya buɗe baki. "Na ruwa? Kwalekwale?" Dariya ta taso masa, ya dubi fuskar yayansa, ya mayar da ita tari.

Baba bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya daɗe yana kallon hannuna da ke kan gwiwa.

"Kin tambaye shi ranar zuwansa?"

"Na tambaya."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba, Baba."

"To ai ya ce."

Nan hawayen da nake riƙewa tun ƙarfe huɗu suka zubo, a gaban Baffa, ban iya tare su ba. Baba ya juya ya ce wa ƙaninsa a fito da abincin a ci, saura a kai maƙwabta, ba a yi wa abinci fushi. Sannan ya dawo kaina, muryarsa a tausashe, irin wadda rabona da ji tun ina ƙarama ina zazzaɓi.

"Tashi ki shiga ciki, uwata. Tasa na riga na ji. Gobe in na dawo daga masallaci da asuba, ki zo ki faɗa min taki. Abin da kika ce shi za a yi."

Na koma ɗaki na zauna a inda na tashi, ban ko cire ɗankwalin ba. Ana kiran magariba saƙonsa ya shigo, kalma biyu kacal: "Kina nan?"

Ina nan. Shekara uku ina nan, a bakin tagar nan. Na rubuta masa haka na goge, na sake rubutawa na sake gogewa. Ga wayar a cinyata, ga muryar Baba a tsakar gida yana neman buta, kuma har yanzu ban san me zan ce wa ko ɗaya daga cikinsu ba.